Zargin Kelsus da Amsar Ikkilisiya: Yadda Sanin Allah Ya Kai ga Masaƙa, Bayi da Tsofaffin Mata

Gabatarwa

Wajen shekara ta 178 bayan haihuwar Almasihu, a zamanin mulkin Markus Awreliyus sarkin Roma, wani masanin falsafa mai suna Kelsus ya rubuta littafi domin ya rushe bangaskiyar Kirista. Ya sa masa suna Kalmar Gaskiya. Kelsus ba mai zagi da ka ba ne. Ya karanta wani ɓangare na Littattafanmu, ya saurari masu bi, sa'an nan ya jera zarge-zargensa. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne, wai Kiristanci addinin jahilai ne. Ya ce idan ka shiga gidajen attajirai za ka tarar da masu saƙar ulu, da dukawa, da masu wanki, mutanen da ba sa iya buɗe baki gaban iyayengijinsu, amma da zarar sun keɓe da yara da mata sai su fara koya musu cewa su kaɗai suka san hanyar rai. Ya kuma yi ba'a cewa sauran addinai suna kiran masu tsabtar hannu da masu hikima, Kiristoci kuwa suna kiran mai zunubi, da wawa, da yaro.

Wannan darasi zai bi sawun zargin nan da amsar da ikkilisiya ta bayar a ƙarnuka huɗu na farko, sa'an nan ya taɓo abin da ya biyo baya. Batun ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya zauna shekara uku ko huɗu a makarantar tauhidi zai koma wurin jama'ar da da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Yadda zai dube su ya danganta ga amsar da ya ba wannan tambaya: ta wace hanya mutum yake sanin Allah?

Duniyar da bishara ta tarar

A daular Roma karatu na 'yan kaɗan ne. Masanin tarihi William Harris, a binciken da ya wallafa a 1989, ya kiyasta cewa masu iya karatu da rubutu ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Babu makarantar gwamnati ta kowa da kowa. Littafi da hannu ake kwafarsa, yana da tsada ƙwarai. Falsafa kuwa, wadda Helenawa suka ɗauka ita ce hanyar sanin Allah, tana bukatar kuɗi da hutu, abubuwa biyu da bawa da ɗan ƙodago ba su da su.

Labarin Jastin Shahidi ya nuna yadda ƙofar take da ƙunci. An haife shi a ƙasar Samariya wajen shekara ta 100, ya fita neman sanin Allah daga wannan malami zuwa wancan. Na farko bai ga amfanin tambayar ba. Na biyu ya soma da maganar kuɗin makaranta. Na uku, almajirin Fitagoras, ya sallame shi domin bai riga ya koyi kiɗa, da ilimin taurari, da lissafin awo ba. Aflatun kansa, wanda Kelsus yake girmamawa fiye da kowa, ya koyar cewa gano Mahaliccin duniya abu ne mai wuya, bayyana shi ga dukan mutane kuma ba ya yiwuwa. Ke nan a wurinsu talaka ya tsaya ga gumakan unguwarsu da hadayunsa, sanin Allah Maɗaukaki kuwa a bar wa masana.

Irin wannan tunani yana nan a Urushalima ma. Shugabannin addini sun ɗauki taron da bai san Shari'a ba a matsayin la'anannu (Yahaya 7:49). Majalisa ta yi mamakin ƙarfin halin Bitrus da Yahaya domin ta san ba su yi makarantar malamai ba (Ayyukan Manzanni 4:13). A cikin irin wannan duniya ne Yesu ya yi wa Uba godiya domin ya bayyana al'amuran Mulki ga ƙanana, masu hikima kuwa suka kasa ganinsu, ya kuma ce ba mai sanin Uban sai wanda Ɗan ya ga dama ya bayyana masa (Matiyu 11:25-27). Bulus ma ya tuna wa Korantiyawa cewa masu hikima da masu iko da 'ya'yan manya ba su da yawa a cikinsu, kuma da gangan Allah ya yi haka domin kada wani ya yi fariya (1 Korantiyawa 1:26-29).

Shin Kelsus ya faɗi gaskiya?

A wani ɓangare, i. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya da Fantus a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa wannan koyarwa ta kama mutane na kowane shekaru da kowane matsayi, maza da mata, ta kuma bazu daga birane har ƙauyuka. Da ya so ya san asirin taronsu, sai ya sa aka azabtar da kuyangi biyu waɗanda masu bi suke kira masu hidima. A lura da wannan: bayi mata ne, amma suna riƙe da aiki a cikin ikkilisiya.

Marubutan ikkilisiya ba su ji kunyar wannan ba. Jastin ya ce ba wanda ya gaskata da Sokratis har ya yarda ya mutu saboda koyarwarsa, amma saboda Almasihu masana da masu sana'ar hannu da marasa karatu duk sun raina mutuwa. Atenagoras na Atina, wajen 177, ya shaida wa sarki cewa a cikinsu akwai marasa ilimi da tsofaffin mata waɗanda ba za su iya kāre koyarwarsu da gardama ba, amma suna nuna ta da aiki: a mare su ba sa ramawa, a ƙwace kayansu ba sa kai ƙara, suna ba mai roƙo.

A wannan shekara ta 177 aka ta da tsanani a Liyon, cikin Faransa ta yau. Wasiƙar da ikkilisiyar ta aika wa 'yan'uwa a Asiya, wadda Yusibiyus ya adana a littafinsa na tarihi, ta ba da labarin wata baiwa mai suna Bilandina. Uwargijiyarta, ita ma mai bi ce, tana fargaba kada ta kasa jurewa saboda raunin jikinta. Amma masu azabtarwa suka yi ta karɓa-karɓa a kanta daga safe har yamma har suka gaji, ita kuwa ba ta fasa shaida cewa ita Kirista ce, kuma ba a aikata mugunta a cikinsu. Da aka rataye ta a kan gungume, 'yan'uwa suka tuna da wanda aka gicciye dominsu, suka sami ƙarfi. Ita ce ta ƙarfafa Fontikus, yaro ɗan shekara 15, kuma ita ce ta ƙarshe da aka kashe.

Inda Kelsus ya kuskure shi ne, ikkilisiya ba ta matalauta kaɗai ba ce. Tun zamanin manzanni akwai Lidiya mai fataucin tufafin shunayya, da Arastus ma'ajin birnin Koranti (Romawa 16:23), daga baya ga masana irin su Jastin. Abin da ya ba duniyar Roma mamaki shi ne, masanin falsafa da kuyanga suna karɓar baftisma ɗaya, suna cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya, suna furta bangaskiya ɗaya.

Amsar Orijin

Littafin Kelsus ya yi shekara saba'in kafin ya sami cikakkiyar amsa. Wajen 248, Orijin, mutumin Iskandariya da ke koyarwa a Kaisariya ta Falasɗinu, ya rubuta raddi mai kashi takwas. Ya riƙa kawo maganar Kelsus sashe-sashe yana amsawa, shi ya sa muka san abin da Kelsus ya faɗa ko da yake littafinsa ya ɓace. Orijin ya fi kowane Kirista na zamaninsa ilimi, saboda haka ba wanda zai ce kishin masana ne ya sa shi magana. Amsarsa tana da rassa uku.

Na fari, ya ce da kowa zai iya barin sana'arsa ya zauna nazari, da ya yi kyau. Amma tun da yawancin mutane neman abinci da raunin jiki sun hana su, wace hanya ce ta fi wadda Yesu ya bayar? Ya ce a dubi ɗimbin mutanen da suka bar lalata da zalunci ta wurin bangaskiya, a tambaya ko ya fi kyau su jira sai sun ƙware a gardama kafin su tuba. Ya ƙara da cewa masu falsafa ma da amincewa suke farawa, domin ba wanda yake gwada dukan makarantu kafin ya zaɓi malaminsa.

Na biyu, ya kāre sauƙin harshen Littafi Mai Tsarki. Ya kawo misalin abinci. Akwai mai dafa abinci mai gina jiki amma da kayan yaji irin na gidan masu kuɗi, 'yan kaɗan ne za su ci. Akwai kuma mai dafa shi yadda dubbai za su iya ci su ƙoshi. Wane ne ya fi amfanar jama'a? Ya ce littattafan Aflatun a hannun masana kaɗai ake ganinsu, amma annabawa da manzanni sun yi magana yadda kowa zai gane.

Na uku shi ne ginshiƙin duka. Aflatun ya ce gano Allah da wuya. Orijin ya ce maganar ta fi haka nauyi: ɗan adam ba zai taɓa samun Allah da ƙarfin kansa ba sai wanda ake nema ya taimaki mai nema. Wannan taimako ya zo sa'ad da Kalman Allah ya ɗauki jikin mutum ya zauna a cikinmu. In da sanin Allah tsani ne da mutum yake hawa da basirarsa, da masu basira sun riga kowa. Amma tun da Allah ne ya sauko, abin da ake bukata shi ne zuciyar da za ta karɓa. Mai ilimi yana iya karɓa, marar ilimi ma haka, mai girmankai ne kaɗai hannunsa yake a dunƙule.

Sai dai Orijin bai ce a zauna cikin rashin sani ba. Yakan bambanta masu shan madara da masu cin abinci mai tauri, yana matsa wa kowa ya yi gaba. Wani lokaci ma harshensa a kan masu sauƙin bangaskiya yakan yi kaifi. Duk da haka ya tsaya a kan cewa Mai Ceto ɗaya ne ga kowa. An azabtar da shi a tsananin sarki Desiyus na shekara ta 250, ya rasu 'yan shekaru bayan haka.

Haɗari daga cikin gida

Abin da Kelsus ya faɗa daga waje, waɗansu sun shigo da shi ciki. A ƙarni na 2 aka sami malaman da ake kira 'yan Nostik, daga kalmar Helenanci mai nufin sani. Mafi shahara shi ne Falentinus, wanda ya koyar a Roma wajen 140. Almajiransa sun kasa mutane uku: na ruhu, waɗanda suke da asirtaccen sani, na tsakiya, wato talakawan ikkilisiya masu bangaskiya kawai, da na jiki, waɗanda ba su da rabo. Sun ce Yesu ya ba waɗansu zaɓaɓɓu koyarwar ɓoye wadda ba a faɗa a taron jama'a. An tono littattafai irin nasu da yawa a Nag Hammadi ta Masar a 1945.

Wanda ya tsaya musu shi ne Ireniyus, mutumin Simirna, wanda ya saurari Folikaf yana yaro, ya kuma zama bishop na Liyon bayan tsananin 177. Ke nan makiyayin ikkilisiyar su Bilandina ne. Wajen 180 ya rubuta littafi mai kashi biyar a kan karkatattun koyarwa. Ya ce manzanni ba su ɓoye kome ba, abin da suka karɓa sun yi shelarsa a fili, kuma ikkilisiyoyin Jamus da Sifen da Masar da Libiya abu ɗaya suke furtawa. Ya ce mai iya magana a cikin shugabanni ba zai ƙara wa wannan bangaskiya kome ba, marar iya magana kuma ba zai rage ta ba.

Hujjarsa mafi daɗi ita ce ta kabilun da Romawa suke kira baubayi. Ya ce akwai al'ummai da yawa da suka gaskata da Almasihu ba takarda ba tawada, Ruhu ya rubuta ceto a zukatansu. Ba su san harshen masana ba, amma da wani zai kawo musu tatsuniyoyin 'yan Nostik a harshensu, da sun toshe kunne sun gudu. A ganinsa gara mutum ya zama marar ilimi ya kusaci Allah ta wurin ƙauna, da ya cika da sani ya zama mai saɓo.

Hanyoyin da aka bi

Ikkilisiya ba ta tsaya ga gardama ba, ta shirya hanyoyin da marar karatu zai san Allah da gaske.

Ta farko ita ce karatu da murya. Jastin ya bayyana sujadar ranar Lahadi a Roma wajen 155: ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, sa'an nan shugaba ya yi gargaɗi. Mai karatu ɗaya ya ishi taro duka, har aikin mai karatu ya zama muƙami a ikkilisiya. Sabon Alkawari kansa da Helenancin yau da kullum aka rubuta shi. Takardun da aka tono a Masar tun ƙarshen ƙarni na 19, wasiƙun iyali da rasiɗin ciniki, sun nuna cewa yawancin kalmominsa na kasuwa da gida ne.

Ta biyu ita ce koyarwa kafin baftisma. Wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya da ake kira Al'adar Manzanni ya ce mai neman baftisma ya yi shekara uku yana jin Maganar. Jarrabawarsa kuwa ta hali ce: ya girmama gwauraye, ya ziyarci marasa lafiya?

Ta uku ita ce Shaidar Bangaskiya. Siril na Urushalima, wajen 350, ya gaya wa masu shirin baftisma cewa tun da ba kowa ke iya karanta Littattafai ba, waɗansu don rashin makaranta, waɗansu don rashin sukuni, an tattara dukan koyarwar cikin 'yan layuka. Ya umarce su su haddace ta, su riƙe ta kamar guzuri har ƙarshen rai.

Ta huɗu ita ce waƙa. Masu karkatacciyar koyarwa sun san ƙarfinta. An ruwaito cewa Ariyus ya tsara waƙoƙi domin matuƙan jirgi da masu niƙa da matafiya. Ifraimu na Suriya, wanda ya rasu a 373, ya tsara waƙoƙin koyarwa da Suriyanci, ƙungiyoyin mata suna rerawa. Agustin ma a 393 ya tsara waƙa bisa jerin haruffa domin talakawa su fahimci rikicin 'yan Donatus.

Ta biyar ita ce fassara. Ran 17 ga Yuli, 180, aka yanke wa masu bi goma sha biyu daga Sikili ta Afirka ta Arewa hukuncin kisa a Kartaj. Da gwamna ya tambayi abin da ke cikin akwatinsu, suka ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. Kafin ƙarshen ƙarni na 3 akwai Littattafai da Latin, da Suriyanci, da Kibɗanci. A ƙarni na 4 Wulfila ya ƙirƙiro haruffa domin ya fassara wa Gotawa. Wajen 405 Mesrof ya yi wa Armeniyawa haka. Habasha ma ta sami nata da harshen Gi'iz.

Antoni da Agustin

An haifi Antoni wajen 251 a wani ƙauye na Masar. Bai yi makarantar Helenawa ba, Kibɗanci yake ji. Yana saurayi ya shiga majami'a ya ji ana karanta maganar Yesu ga saurayin nan mai dukiya (Matiyu 19:21), ya ɗauka da shi ake, ya rabar da gonakinsa, ya shiga jeji. Atanasiyus bishop na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa a 356, ya ce abin da Antoni ya ji ba ya faɗuwa ƙasa, ƙwaƙwalwarsa ce ta zame masa littafi. Da masu falsafa suka zo su gwada shi ta bakin tafinta, ya tambaye su wanne ya riga wani, hankali ko haruffa? Suka ce hankali. Ya ce to, mai lafiyayyen hankali bai rasa kome ba. Wasiƙun da ake dangantawa da shi sun nuna mutum mai zurfin tunani a kan Littattafai. Rashin makaranta dabam, rashin sani dabam.

Agustin kuwa ɗan makaranta ne na gaske. An haife shi a 354 a Tagast, cikin Aljeriya ta yau. Yana da shekara 19 ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga Latin ɗinsa bai kai na Sisero ba, ya rufe. Daga baya ya gane kumburin kansa ne ya hana shi sunkuyawa ya shiga. Ya yi shekara tara tare da 'yan Mani, masu alkawarin sani ba tare da bangaskiya ba. Ya zama babban malamin iya magana a Milan a 384. A littattafan almajiran Aflatun ya sami koyarwa mai kama da farkon Bisharar Yahaya, game da Kalma madawwami, amma bai sami cewa Kalman ya zama mutum ya ƙasƙantar da kansa har mutuwa ba. A 386 wani baƙo mai suna Fontisiyanus ya ba shi labarin Antoni. Abin ya girgiza shi. Ya ce wa abokinsa Alifiyus, ga marasa karatu suna shiga Mulki, su kuwa da dukan iliminsu suna nan cikin sha'awar jiki. Aka yi masa baftisma a Idin Tashin Almasihu na 387.

Da ya zama bishop na Hifo, masunta da manoma da 'yan dako ne jama'arsa. Yakan yi amfani da kalmar da masana nahawu ba su yarda da ita ba in ita ce mutane za su gane, yana cewa gara malamai su zarge shi da jama'a su tashi ba su fahimta ba. Ya nemi masu hidima masu jin Funik domin ƙauyukan da ba a jin Latin sosai. Wajen 400 ya rubuta wa Diyogiratiyas, wani dikon na Kartaj, ɗan littafi a kan koyar da sababbin masu bi. Ya ce in mai sauraro ya fara hamma, a ba shi wurin zama, a farfaɗo da shi da wata magana. Ya ce kada malami ya gaji da maimaita abin da ya sani, ya tuna yadda uwa take tauna wa jaririnta abinci. Game da masu ilimi da suka zo neman baftisma kuwa, ya ce a koya musu kada su yi dariya in sun ji mai hidima ya karya nahawu cikin addu'a, domin zuciya Allah yake saurara.

Amma Agustin ɗin nan ne ya tsawata wa masu cewa ba sa bukatar malami tun da suna da Ruhu. Ya tuna musu cewa an aiki Bulus wurin Hananiya, mala'ika ya tura Karniliyus wurin Bitrus, Bahabashen nan kuma ya bukaci Filibus.

Sa'ad da ƙofa ta ƙuntata

Latin da aka fassara Littafi da shi domin talakawa, da tafiya ta yi nisa sai ya zama harshen malamai kaɗai. A 813 majalisar bishop-bishop a Tur ta ga dole ta umarta a riƙa wa'azi da harshen da mutanen karkara suke ji. A Liyon ta Ireniyus, wajen 1173, wani attajiri mai suna Waldo ya biya aka fassara masa Bishara da harshen gari, amma a 1184 aka la'anci mabiyansa saboda wa'azi ba izini. Martin Luta ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, ya ce mai fassara ya saurari uwa a gida da yara a titi da mutum a kasuwa. Tindal ya buga na Ingilishi a 1526, aka kashe shi a 1536.

A Afirka ta Arewa ba a san wata fassarar Littafi da Funik ko harshen Berber a zamanin dā ba, ikkilisiyar Kartaj da Hifo kuwa ta shuɗe. Ta Masar da ta Habasha, masu Littafi da sujada da harshensu, suna nan har yau. Dalilan suna da yawa, har da yaƙe-yaƙe da rarrabuwa, amma masana tarihi da dama suna lissafa harshe a cikinsu.

Littafinmu na Hausa ma ta hannun ƙanana ya bi. Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Wanda ya zauna da shi a Ingila yana gyara masa Hausa shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bawa, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai a 1855. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932.

Abin da wannan tarihi yake nema a wurin mai hidima

Ɗan'uwa, takardar shaidar da za ka karɓa a nan ba ta matsar da kai kusa da Allah fiye da tsohuwar da take zaune a bencin baya ba. Ta dai ɗora maka nauyin da ba a ɗora mata ba (Yakubu 3:1). Ruhun Falentinus yakan dawo sa'ad da fasto ya cika wa'azi da Helenanci da Turanci domin a san ya yi karatu, ko sa'ad da wani ya ce yana da asirin da sai an zo wurinsa a keɓe, sau da yawa da kuɗi a hannu. Yakan dawo kuma sa'ad da majalisar ikkilisiya ta daina jin shawarar dattijo mai tsoron Allah don ba ya iya sa hannu a takarda.

Kuskure na biyu shi ne a ce tun da Allah yana bayyana kansa ga ƙanana, karatu ba shi da amfani. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ireniyus da Orijin da Agustin sun ƙure ilimin zamaninsu, da shi kuma suka tsare bangaskiyar su Bilandina daga masu ruɗi. Marasa karatun da Ireniyus ya yaba sun gane ƙarya domin an riga an koya musu gaskiya sosai. Garken da ba a koyar ba shi ne abincin kowane mai sabuwar koyarwa.

Saboda haka ka auna hidimarka da ma'aunin ikkilisiyar farko. A karanta Littafi da murya, a hankali, sashe mai tsawo, da harshen da jama'a suke ji. Inda Hausa ba ita ce harshen uwa ba, ka tuna Hausa ma tana iya zama wa wata tsohuwa abin da Latin ya zama wa mutanen Funik. A koya wa masu shirin baftisma Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji da ka, tare da ma'anarsu. Ka saurari waƙoƙin zumuntar mata da na matasa da kunnen makiyayi, domin abin da ake rerawa ya fi wa'azinka daɗewa a zuciya. In ka gama shirin wa'azi, ka tambayi kanka ko manomin da ya yini a gona zai iya maimaita wa iyalinsa abin da ka faɗa.

Tambayoyi domin nazari

1. Ka bayyana zargin Kelsus da kalmominka. A ina ya faɗi gaskiya, a ina kuma ya kuskure?
2. Me ya sa zaman Almasihu mutum ya zama tushen amsar Orijin? Ka haɗa amsarka da Matiyu 11:25-27.
3. Waɗanne alamu na koyarwar 'yan Nostik kake gani a wa'azin zamaninmu?
4. Cikin hanyoyi biyar da ikkilisiyar farko ta bi, wacce ta fi rauni a ikkilisiyarka? Ka rubuta shirin wata uku na gyara ta.
5. Yaya za ka amsa wa mai bi da ya ce ba ya bukatar koyarwa tun da yana da Ruhu Mai Tsarki?